Abincin Rana a Bakin Tekun Dakar: Nasiha ga Matashin da Ya Taso Nesa da Teku

Birnin Dakar yana zaune ne a kan wani dogon harshen ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku. A ƙarshen harshen akwai wurin da ake kira Almadi, kuma nan ne iyakar doron Afirka ta yamma. Gidajen abinci sun jeru a gefen ruwan. Wasu rumfuna ne na katako da kwano, waɗanda kumfar teku ke fantsamowa har kusa da ƙafar tebur, wasu kuma benaye ne masu gilashi da fararen ƙyallaye a kan tebura. Hajarsu dai iri biyu ce duk inda aka shiga: abin da aka ciro daga teku, da kallon tekun kansa.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan hanya. Duk shekara jama'a daga Kano, Zariya, Katsina, Damagaram da Kumasi suna zuwa Kaulaha ziyarar Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa, inda kuma aka binne shi bayan rasuwarsa a 1975, kuma da yawansu ta Dakar suke bi. Ga ɗalibai, ga 'yan kasuwa, ga waɗanda taro ya kai su. Ko ba daɗe ko ba jima, wani mai masauki zai ce wa baƙonsa ya zo a je bakin ruwa a ci kifi. Matashin da ya taso a kan tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da bandar kifin Baga sai ya tarar da kansa a gaban halittun da bai taɓa gani ba, da takardar jerin abinci cikin Faransanci, da iska mai gishiri, da ruwa shuɗi har iyakar gani. A irin wannan zama abin da ya fi cutar da baƙo shi ne kunyar tambaya. Tsoron kada a ce masa baƙauye shi ke sa ya ci abin da bai sani ba, ya biya kuɗin da bai yi niyya ba, wani lokaci ma ya kwana a asibiti. Matambayi ba ya ɓata, kuma a bakin teku tambayoyin da ake bukata ba su da yawa, sai dai kowacce tana da muhallinta.

Yana da kyau a fara da sanin dalilin da ya sa kifi ya yi yawa a wannan gaɓa. Daga wajen watan Disamba zuwa Mayu iska tana kaɗowa daga arewa, ta ture ruwan saman teku daga gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Wannan ruwan sanyi yana ɗauke da abincin ƙananan halittun da kifi ke ci, don haka ƙananan kifaye suke taruwa, manya kuma su biyo su. Abin da ya sa gaɓar Muritaniya da ta Sanagal suke cikin wuraren kamun kifi mafi albarka a duniya ke nan. Shi ne kuma dalilin da ya sa Dakar take da sanyi a watannin da Sakkwato da Maraɗi suka fara ƙuna, har wanda ya zauna a rumfar bakin ruwa a watan Fabrairu yakan so ya ɗora wata riga. Masuntan yankin tun asali 'yan ƙabilar Lebu ne, kuma unguwannin Ngor da Yof da Wakam tsofaffin ƙauyukansu ne da birni ya zo ya tarar. Dogayen kwale-kwalensu masu fenti kala-kala, da sunayen iyaye da na shehunai a rubuce a jiki, su ne ake hangowa daga kan tebur suna ta hawa da sauka a kan raƙuman ruwa.

A Sanagal abincin rana shi ne babban abincin yini, ana kuma cin sa a makare, tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku. Wanda ya san za a kai shi bakin ruwa gara ya sallaci Azahar tukuna, domin kifin gashi ba ya son gaggawa, zaman kuma yakan miƙe har La'asar ta kawo jiki.

Tambaya ta farko ga Musulmi ita ce ta halacci, kuma amsarta mai sauƙi ce ga mai bin mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Hausawa da mutanen Sanagal baki ɗaya. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma Imamu Malik ya ruwaito hadisi a Muwaɗɗa wanda ya nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A kan haka Malikawa suka halatta dabbobin ruwa gaba ɗaya ba tare da bukatar yanka ba, ko kifi ne, ko jatan lande, ko ƙaguwa, ko masu ɓawo irin na ƙumba. Hanafawa sun taƙaita halaccin ga kifi kawai, shi ya sa za a iya zama tebur ɗaya da Baturke ko ɗan Pakistan a ga ya kauce wa ƙaguwa. Wannan saɓani ne na malamai, tsoho, kuma bai kamata matashi ya mayar da shi abin musu a kan abinci ba.

Inda ake bukatar kula shi ne abin da aka dafa naman da shi. Girkin Faransawa ya yi tasiri a manyan gidajen abincin Dakar, kuma a wannan girki sanannen abu ne a turara ƙumbar teku da farar giyar inabi, ko a zuba wa jatan lande barasa a kasko a kunna mata wuta. Shinkafar Sifaniyawa mai haɗin kayan teku kuma wani lokaci ana yanka mata naman alade. Takardar jerin abinci ba kullum take bayyana wannan ba. Sai mutum ya yi sallama, ya gaisa da mai kawo abinci yadda ya kamata, sannan ya tambaye shi kai tsaye ko akwai giya ko alade a cikin abin da yake so. Mafi yawan ma'aikatan Musulmi ne, tambayar ba za ta ba su mamaki ba, sau da yawa ma su za su nuna masa abin da ya fi dacewa. Kifin da aka gasa a kan gawayi da gishiri da lemun tsami shi ne mafi nisa daga shubuha.

Daga nan sai zaɓen kifi, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kusancin gidan abinci da ruwa ba ya tabbatar da cewa kifinsa na yau ne. Akwai gidan da ke kallon teku amma kifinsa ya yi makonni a firji, akwai kuma rumfa marar ƙyalli da masunci ya sauke mata kaya da hantsi. A wurare da yawa ana jera kifin a kan ƙanƙara a bakin ƙofa, ana kuma barin mai saye ya nuna wanda yake so. Wanda aka ba wannan dama kada ya yi wasa da ita. Ya matsa kusa ya dubi idon kifin: na sabo yana nan tar, a kumbure, baƙin tsakiyarsa yana sheƙi, na kwanan kuwa ya faɗa ciki ya yi hazo. Ya sa a ɗaga masa murfin kuncin kifin ya ga naman da yake numfashi da shi; ja ne jawur ko ruwan hoda mai haske idan kifin sabo ne, idan ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi to an makara. Ya danna gefen jikin da yatsa, naman ya kamata ya dawo nan take, kada gurbin yatsar ya zauna. Ɓawon jikin ya kasance a manne yana walƙiya. Sai kuma hanci, wanda ba ya yaudara: sabon kifin teku ƙanshin ruwan gishiri yake yi, ba shi da wannan ƙarni mai hawa kai, balle wari mai kama da na fitsari. Jatan lande kuma a duba kansa, idan ya fara baƙi yana saki daga jiki a bar shi. Ƙaguwa da babban ɗan'uwan jatan lande mai sulke da dogayen gashin baki, wanda ake kira langus, an fi so a gan su da rai suna motsi kafin a dafa, domin namansu yana saurin lalacewa da zarar sun mutu. Halaccin mushen teku hukunci ne na shari'a, bai ɗauke wa mutum nauyin duba lafiyar abin da zai sa a cikinsa ba.

Tambayar kuɗi ita ce wadda matasa suka fi jin nauyinta, musamman idan akwai wanda suke so su burge a teburin. Manyan kifaye da langus ba kasafai ake sa musu farashi ɗaya ba, da nauyi ake sayar da su, wani wuri a kan kilo, wani wuri a kan giram 100. Wanda ya ga lamba ƙarama a takarda ya ɗauka kuɗin faranti ne, zai iya tarar da ta ninka sau shida ko bakwai idan lissafi ya zo. Abin da ya dace shi ne a auna kifin a gabansa, a faɗa masa jimillar kuɗin, a kuma bayyana masa ko shinkafa ko dankali ko ayabar da za a haɗa tana ciki, duk kafin kifin ya hau wuta. Da zarar ya gasu magana ta ƙare. A ƙananan rumfuna ana ciniki, cikin fara'a ba cikin faɗa ba. Kuɗin ƙasar sefa ce, irin ta Nijar, kuma Wolofawa idan suna magana da harshensu da biyar-biyar suke ƙirga ta, kamar yadda ake ƙirga dala a kasuwar Damagaram; wanda bai saba ba ya nemi a rubuta masa lambar. Wajibi ne kuma mutum ya sani cewa wani kaso na abin da yake biya kuɗin kallo ne. Tebur na gaba-gaba a bene mai gilashi yana da tsada ko da kifinsa bai fi na maƙwabta ba. Biyan kuɗin kallo ba laifi ba ne ga mai hali, teku abin kallo ne da ke tuna wa mutum girman Mahalicci. Laifin shi ne ɗalibi ya ƙarar da guzurin wata guda a zama ɗaya don hoto, ya dawo yana rance.

Wanda ya rasa abin zaɓa ya nemi cebujen, shinkafa da kifi, abincin da Sanagal take alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da ake tattali a 2021. Asalinsa daga birnin Sanluwi ne a arewacin ƙasar. Ana tsaga naman kifin a cusa masa dakakken ɗanyen ganye da tafarnuwa da barkono, a soya, a dafa cikin romon tumatir tare da rogo, karas, kabeji, gauta da kuɓewa, sannan a tsame su a zuba karyayyar shinkafa a cikin romon ta shanye shi. Ana ƙara masa busasshen kifi mai ƙarfin ƙanshi da ɗan naman wani babban dodon koɗin teku da aka tsima, su ne suke ba shi ɗanɗanon da ba a mancewa. Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba: akwai tsamiya a gefe, akwai dakakken ganyen yakuwa, wasu suna sa daddawa, kuma ƙanzon da aka kankaro daga gindin tukunya shi ne abin da ake ware wa wanda ake ji da shi. Idan a babban faranti ɗaya aka kawo, kowa yana cin abin da ke gabansa ne, da hannun dama ko da cokali, ba a tsallakawa gaban wani. Mai masauki ko uwargida ita ke gutsuro kifi da kayan lambu daga tsakiya tana tura wa kowa rabonsa. Akwai kuma yasa, gasasshen kifi da aka lulluɓe da albasa mai yawa da lemun tsami, wanda shi ma ba ya ba baƙo wahala.

Gasasshen kifi sukutum yana da hanyar cinsa. Ana fara cin naman gefen sama, daga bayan kai zuwa wutsiya, ana janye shi daga ƙashin tsakiya a hankali. Idan gefen ya ƙare sai a kama ƙashin ta wutsiya a ɗaga, zai taso gaba ɗaya har kai, ya bar naman ƙasa fari tas. Ƙananan ƙayoyi suna jere ne a gefen baya da gefen ciki, a ture su waje ɗaya tun farko. Ba a cika baki, ba a kuma haɗa lomar kifi da surutu. Idan ƙaya ta maƙale a maƙogwaro, dabarar da aka saba ta haɗiye ƙatuwar loma don ta tura ta tana iya ƙara nutsar da ita cikin nama. A yi tari a hankali, a kurɓi ruwa, idan zafin bai tafi ba ko haɗiya ta gagara a nufi asibiti. Yaro ƙarami kuwa sai an murtsuke masa naman da yatsa an tabbatar babu komai kafin a ba shi.

Abin da Almadi ta fi shahara da shi shi ne kayan ɓawo, kuma a nan haɗari ya fi yawa. Mata sukan zauna da tarin wata ƙumbar teku mai kaushin ɓawo da Wolofawa ke kira yohos, su sa gajeriyar wuƙa a mahaɗar ɓawon su murɗa, ya buɗe, su jera a faranti da yankakken lemun tsami. Da yawanta daga yankin Salum ake kawo ta, inda mata ke shiga ruwa su ɓamɓaro ta daga saiwar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Turawa ɗanya suke zuƙe ta. Wannan halitta tace ruwa take yi don ta ci, saboda haka duk ƙwayar cutar da ke cikin ruwan tana taruwa a jikinta, har da masu kawo amai da gudawa da wani nau'in ciwon shawara. Lemun tsami ba ya kashe su, yaji ma haka, kuma ba a gane mai cuta da ido ko da hanci. Wuta ce kaɗai maganinsu. Mai ciwon hanta, mai ciwon suga, mace mai juna biyu, tsoho, ƙaramin yaro da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su kusanci ɗanya ko kaɗan. Wannan gargaɗi ya shafi matasan ƙasar Hausa fiye da yadda suke zato, domin ciwon hanta ya yawaita a yankin kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su taɓa yin gwaji ba. Ana gasa yohos a kan gawayi a wurin, kuma gasasshiyar tana da daɗi. Ita ya kamata baƙo ya nema. Masu ɓawo biyu da aka dafa a rufe, duk wadda ba ta buɗe baki ba bayan dahuwa a ajiye ta gefe.

Akwai kuma jikin da ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa da danginsu kwata-kwata, komai sabuntarsu da kyan dahuwarsu. Alamun sukan zo cikin mintoci: ƙaiƙayi a baki, borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, ciwon ciki, amai. Idan ya kai ga shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ko jiri, to rai ne a kan siraɗi, kuma asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran a gani ba. Manja ko madara ba sa magance wannan. Wanda ya taɓa cin miyar da aka sa wa garin busasshen jatan lande, irin wanda 'yan kudancin Najeriya ke girki da shi, bai ga komai ba, yana da ɗan abin dogaro. Wanda kuma fara ta taɓa tayar masa da borin jini ya yi hattara sosai, domin sinadarin da jiki ke ƙi a jatan lande yana da ɗan'uwa a jikin ƙwari. Mai asma ma haka. Cin farko a ɗanɗana kaɗan, a dakata, kuma kada a haɗa iri huɗu ko biyar a zama ɗaya, don idan wani abu ya faru a san mai laifi.

Wata gubar kuma daga rashin sanyi take zuwa. Kifaye masu duhun nama, irin su tuna da sadin da danginsu, idan suka daɗe a zafi bayan an kama su, wani sinadari yana taruwa a namansu wanda dahuwa ba ta kashe shi. Mai ci yakan ji ɗanɗano kamar na ƙarfe ko wani yaji-yaji da ba na barkono ba, can sai fuska ta yi ja, kai ya ɗauki ciwo, zuciya ta riƙa bugawa. Duk loma da ta yi irin wannan ɗanɗano a tsaya a kanta. Saboda wannan dalili ne ragowar kifi ba ta jure yawo: abin da ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya a rana mai zafi, bai cancanci a ƙulle shi a leda a kai masauki don dare ba. Gara a yi odar abin da za a iya cinyewa. Duk wannan ba don a tsorata kowa ba ne. Kifin teku abinci ne mai gina jiki, mansa yana taimakon zuciya, yana kuma ɗauke da sinadarin aidin wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo a garuruwan da ke nesa da teku.

Tambaya ta ƙarshe ba a kan lafiya ko aljihu take ba, a kan mutanen da suka kamo kifin take. Wanda ya je Sumbejun da yamma, inda kwale-kwale ke dawowa, zai ga matasa tsararrakinsa sun shiga ruwa har ƙirji suna ɗauko akwatunan kifi a ka, wasu sun jeru suna jan jirgin zuwa tudu a kan gungumen itace, mata kuma suna tsaye da robobi suna ciniki da ƙarfin murya. Waɗannan mutane sun shekara da shekaru suna kukan cewa teku ta ja baya. Kifin da ya fi daraja a Dakar, wanda ake kira cof, ya yi ƙaranci har ya fi ƙarfin talaka. Kifi ne mai jinkirin girma, yana fara rayuwa a matsayin mace, sai ya manyanta yake juyewa namiji, don haka kama ƙananansa da manyansa babu ƙaƙƙautawa yana karya zuriyar ta fuska biyu. Yaboy kuma, ɗan ƙaramin kifin da shi ne naman gidan talaka, masana'antu a gaɓar Muritaniya da Sanagal da Gambiya suna niƙa shi ya zama gari a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi, kuma sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na garin. Ga manyan jiragen ƙasashen waje da ke share ƙasan teku da taru. A 2012 gwamnatin Sanagal ta soke lasisin jiragen ƙasashen waje 29, kuma yarjejeniyar kamun kifi tsakaninta da Tarayyar Turai ta ƙare a Nuwamban 2024 ba a sabunta ba. Kwale-kwalen da suka daina samun kifi su ne da yawa ake cikawa da matasa a nufi Tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500 a kan buɗaɗɗen teku. A 2024 kaɗai mutum sama da 46,000 suka isa tsibiran daga gaɓar Afirka ta Yamma, ban da waɗanda ruwa ya ci a hanya. Ɗan ƙasar da ta ga abin da janyewar Tafkin Cadi ta yi wa masunta da manoma bai kamata wannan labari ya wuce shi kamar iska ba.

Mai cin abincin rana ɗaya ba zai gyara teku ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Ya ƙi ɗan ƙaramin cof da bai kai ya hayayyafa ba, ko da an rage masa kuɗi. Ya ƙi langus ko ƙaguwar da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin ciki. Idan aka yi masa tayin naman kunkurun teku ko ƙwansa ya kauce, doka ta hana kama shi. Ya tambayi wane kifi ne ya yi yawa a ranar ya ci shi, yawanci shi ne mafi sabunta kuma mafi araha. Kada ya matse mai talla a ciniki har ya ƙwace mata ribar yini, alhali bai yi musu da lissafin gidan gilashi ba. Kada kuma ya ɗauki hoton masunci ko mai gasa kifi sai ya nemi izini. Wurin aikinsu ne, kuma da yawansu ba sa so.

Idan mutum baƙo ne aka gayyata, ba ya zaɓen abin da ya fi komai tsada, yakan bar mai masauki ya ja gaba, ya kuma ajiye waya ya ba mutane fuskarsa. Mutanen Sanagal suna ɗaukar karramar baƙo da muhimmanci ƙwarai, kokawar biyan kuɗi a gaban ma'aikata tana iya zama cin fuska. Godiya da addu'a da ramawa wata rana sun fi. Idan abokai ne suka haɗu, a yi maganar yadda za a raba kuɗin tun kafin a zauna. Lissafi idan ya zo a karanta shi layi-layi, a kwatanta da abin da aka faɗa da farko, in an ga kuskure a nuna cikin ladabi. Tukwici ba dole ba ne, amma wanda ya yi awa biyu yana kai da kawowa a cikin rana ya cancanci a bar masa wani abu. Abin sha kuwa akwai zoɓo, akwai kunun 'ya'yan kuka mai sanyi, akwai lemun citta, daga baya kuma a kawo shayin ataya zagaye uku. Ruwan sha a nemi na kwalba da ba a buɗe ba.

Bayan an ci an sha, ruwan yakan ja hankalin matasa su gangara. Iya iyo a kogi ko a dam ba ya wadatarwa a nan. Duwatsun Almadi baƙaƙe ne masu santsi da kaifi, a cikin ramukansu akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya waɗanda ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, dutsen da yake a bushe da Azahar yana iya nutsewa kafin Magariba, kuma igiya ɗaya babba takan zo bayan ƙanana da yawa ta share wanda ya juya wa ruwa baya yana ɗaukar hoto. A gaɓar arewacin birnin, daga Yof zuwa Gejawai da Malika, akwai wuraren da hukuma ta hana wanka saboda ruwan yana da wata siririyar hanya mai ja zuwa ciki, kuma kusan duk shekara idan zafi ya shigo ana rasa yara da matasa a can. Wanda irin wannan ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya bar jikinsa ya yi sama, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan. Mai son tsoma jiki ya tambayi 'yan unguwa inda aka yarda a shiga, ya zaɓi wurin da akwai masu ceto a bakin aiki, kamar ƙaramar gaɓar Ngor da tsibiri ya kare daga manyan igiyoyi, kuma kada ya shiga shi kaɗai. Wanda zai hau kwale-kwale ya tsallaka zuwa tsibirin ya karɓi rigar ceto ya ɗaure ta sosai kafin jirgi ya tashi.